Wanda Ke Shiga Akwatin Baba Haladu

Wata rana, a tsakiyar damina, aka tura ni wani gida a Unguwar Dosa in yanke layin intanet.

Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san aikina. Injiniya ce ni a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa gidaje intanet a Kaduna. Yawanci haɗawa nake yi. Ranar nan yankewa aka ce.

Dalili kuwa, an yi makonni daga wannan gidan saƙonni ke fita dubu-dubu, suna kai wa kwamfutocin mutane hari a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Ƙorafi ya yi yawa. Ogana ya ce in je in duba, in abin bai gyaru ba in rufe layin.

Na tafi da zaton zan tarar da samari 'yan damfara.

Dattijo ne ya buɗe mini ƙofa.

Dogo ne, siriri, da farar jallabiya wadda ta sha guga. Zan kira shi Baba Haladu. Ba sunansa ba ne, amma da izininsa nake ba da labarin.

Tsohon likitan dabbobi ne, ya yi ritaya da daɗewa. Gidan tsaf yake, sai dai shiru ya yi masa yawa. Kujeru shida a falo, ɗaya ce kawai ta lotsa. A kan tebur kofi ɗaya, cokali ɗaya.

Na yi masa bayanin abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi dai bai san hari ba. Waya ɗaya gare shi, sai kuma akwatin Mujittafa.

Na ce ya nuna mini akwatin.

A kan wata 'yar kanta yake, kusa da talabijin. Baƙi ne, bai kai girman buhun sukari ƙarami ba, an shimfiɗa masa ƙyalle a ƙasa. Irin na'urar nan ce da ake ajiye hotuna da bidiyo a cikinta, a haɗa ta da intanet, mutum ya buɗe ta daga ko'ina yake a duniya. Koriyar fitila a gabanta sai ƙyaftawa take yi ba tsayawa.

Baba ya kalli fitilar ya yi murmushi. Ya ce mini ga shi nan ya shigo.

Na tambaye shi wa.

Ya ce ɗansa.

Ina haɗa kwamfutata, shi kuma yana ba ni labari, kamar wanda ya daɗe bai samu mai saurare ba.

Mujittafa shi kaɗai Allah ya bar musu. Yana aiki a Kanada. Da mahaifiyarsa, Hajiya Kuluwa, ta kwanta rashin lafiya, bai samu zuwa ba sai bayan an yi sadakar uku. Ya yi mako biyu a gida. A cikin kwanakin ne ya sayo akwatin, ya tattara duk hotunan Hajiya, na aure, na aikin hajji, har da muryoyin da take tura masa ta waya, ya zuba a ciki. Ya koya wa uban yadda zai ɗauki bidiyo ya ajiye, ya ce daga can zai riƙa gani.

Ana gobe zai koma suka yi saɓani.

Baba bai ɓoye mini ba. Ya ce shi ya faɗi maganar. Ya ce wa ɗan nasa wata biyar uwarsa tana kiran sunansa bai zo ba, yanzu ya zo ya sayo akwati ya saka ta a ciki.

Washegari Mujittafa ya tafi.

Tun daga nan babu wanda ya kira wani. Wata goma sha huɗu.

Amma Baba bai daina magana ba. Kowace safiya, bayan ya zuba wa tattabarunsa hatsi, sai ya jingina waya da kofi ya ɗauki bidiyo. Minti biyu, minti uku. Ya faɗi abin da ya ci, wanda ya rasu a layi, yadda gwiwarsa ta kwana. Ya tura cikin akwati.

Da farko fitilar ba ta motsi sosai. Bayan wata uku sai ta fara ƙyaftawa, musamman da rana, wajen azahar.

Baba ya yi lissafinsa. Azahar ɗinmu ita ce safiyarsu. Ya ce yaron kafin ya fita aiki yake zama ya kalla.

Ya ce mini bai damu da ba ya amsawa ba. Zuciya ce, ta uwarsa ya ɗauko. Tunda yana kallo, ai magana ba ta yanke ba.

A lokacin na riga na buɗe rajistar akwatin, inda yake rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya yi.

Na sake karanta ta daga farko.

Bari in yi muku bayani a sauƙaƙe. Irin wannan na'urar tana da manhaja da aka dasa mata tun daga masana'anta, ita ke tafiyar da komai. A cikin manhajar wannan samfurin akwai kuskure. Akwai gurbin da aka tanada domin rubuta suna. Idan mugu ya rubuta suna ya liƙa umarni a bayansa, akwatin ba ya tantancewa. Sai ya haɗiye duka, ya aiwatar, kamar mai gida ne ya yi magana.

Ba sai da kalmar sirri ba. Ba sai mutum ya san inda Kaduna take ba.

'Yan kutse kuma ba da hannu suke nema ba. Suna sakin na'urori ne su yi ta ƙwanƙwasa kowane adireshi a intanet, duk ƙofar da ta buɗe su shige.

Haka suka shiga akwatin Baba wata goma sha ɗaya da suka wuce. Suka dasa nasu shirin, suka mai da shi ɗan aikensu. Wannan ƙyaftawar da yake gani, aikinsu ne akwatin ke yi.

Na nemi sunan Mujittafa a rajistar.

Sau ɗaya ya shiga. Mako guda bayan komawarsa. Bai sake ba.

Na buɗe inda bidiyoyin suke. Ɗari huɗu da 'yan kai. Ban kalli ko ɗaya ba, amma sunayensu na gabana, don Baba yana sa wa kowanne suna.

Gwanda ta nuna.

Na je asibiti, lafiya lau.

Hajiya ta cika shekara.

Akwai wani da ya sa wa suna: Ka yi haƙuri.

Babu ko ɗaya da aka taɓa buɗewa daga waje.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. In ce masa akwatin ya lalace, in cire waya, in tafi. Ya ci gaba da zama da abin da ya yarda da shi. Na kai minti goma ina danne-dannen da ba su da amfani, don kawai kada in ɗaga kai.

Amma idan na cire wayar fitila za ta tsaya. Sai ya ɗauka ɗansa ne ya daina kallo.

Na rufe kwamfutar, na sauko daga kujera na zauna a kan kafet kusa da ƙafarsa. Na yi masa bayanin kuskuren da 'yan kutsen a hankali. Yana gyaɗa kai. Mutum ne mai ilimi, bai wahalar da ni ba. Na ga lokacin da ya gane inda maganar ta nufa.

"'Yata, kina nufin ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Sau ɗaya, tun farko. Kafin ka fara ɗaukar bidiyon."

Ya kalli fitilar, tana ta ƙyaftawa.

"To su ɓarayin fa? Sun kalla?"

"Ba su buɗe ko ɗaya ba, Baba. Ba hotuna suka zo nema ba."

Ya ce, "Ashe ni kaɗai ne."

Bai yi kuka ba. Ya tashi ya fita tsakar gida. Ta taga ina hango shi tsaye gaban ɗakin tattabaru, hannu a baya, yayyafi na sauka a kansa. Ban bi shi ba.

Da ya dawo, abu ɗaya ya tambaya: hotunan Hajiya suna nan?

Suna nan. A wannan kam Allah ya tsare. Wasu 'yan kutsen kulle komai suke yi ko su goge. Waɗannan ƙarfin na'urar kawai suke so.

Na kwashe komai na zuba a wani faifai daban, na ba shi a hannu. Na duba ko masu ƙera akwatin sun fitar da gyara. Sun sanar da kuskuren tun bara, amma sun ce wannan samfurin ya tsufa, ba za su gyara ba, masu shi su cire shi daga intanet. Sanarwar ta tafi imel ɗin wanda ya yi rajista, wato Mujittafa.

Na wanke akwatin tas, na mayar da hotunan, na rufe ƙofar da ke kai shi waje. Daga ranar, sai wanda ke cikin gidan ne zai iya buɗe shi. Layin Baba ya tsira, ban yanke ba.

Fitilar ta tsaya cak.

Ina naɗe wayoyina na tambaye shi ko yana da lambar Mujittafa. Ya ce yana da ita. Ya ce bai kira ba ne saboda a ganinsa kullum suna magana.

Ya ɗauki wayar ya daɗe yana kallonta. Sannan ya danna.

Ta yi ta ƙara har ta katse.

Ya ce wataƙila ya shiga aiki. Na ce wataƙila.

Ya rako ni har bakin ƙofa, ya yi mini addu'a, ya ce in gaida iyayena. Na shiga mota na kasa tayar da ita. Na daɗe a zaune ina tambayar kaina ko gyara na yi ko ɓarna.

Kwana goma sha ɗaya ban ji komai ba. Ni ma na kasa kira.

Sai ranar wata Alhamis aka ce wani dattijo ya bugo ofis yana neman 'yarsa injiniya.

Da na kira shi, Baba ya ce mini Mujittafa ya kira, a rana ta huɗu. Yaron ya ce da ya ga kiran ya tsorata, ya ɗauka wani ne zai sanar da shi rasuwa, shi ya sa ya kasa ɗauka. Akwatin kuwa ya manta kalmar sirrinsa tuntuni, imel ɗin ma ya daina amfani da shi. Shi a zatonsa uban ba ya son jin muryarsa.

Hirar ba ta yi tsawo ba. Baba ya ce minti shida, ya duba. Sun yi maganar ruwan sama da maganin hawan jini. Babu wanda ya taɓo abin da ya faru. Baba bai gaya masa labarin bidiyoyin ba.

Ya roƙe ni in zo in koya masa yadda zai tura guda ɗaya ta waya.

Na je ranar Asabar. Ya zaɓi wanda ya sa wa suna Ka yi haƙuri. Ya ce in kunna masa ya gani tukuna. Na kunna na koma gefe.

Ya kalli kansa har ƙarshe. Sannan ya ce in bari. Wannan maganar ba ta turawa ba ce, da baki zai faɗa idan yaron ya sake kira.

Yau wata biyu ke nan. Mujittafa ya kira sau uku. Baba ya ce duk lokacin da ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji ya tambaye shi ko can ma ana ruwa.

Jiya na leƙa shi. Ya ce Juma'a mai zuwa zai faɗa, in Allah ya kai mu.

Darasi:

Duk na'urar da ka haɗa da intanet ka bar wa iyayenka, ƙofa ce ka buɗe a gidansu. Ka riƙa duba ta. Ka sabunta manhajarta. Idan masu ƙera ta sun daina kula da ita, cire ta daga intanet, kada ka jira.

Sannan kada ka yanke wa kanka hukunci cewa wani ya ji ka don ka ga alama. Wai ya ga saƙona, wai ya san ina sonsa, wai ai ya gane na yi nadama. Wataƙila bai gani ba. Wataƙila shi ma yana can yana zaton kai ne ba ka son jin muryarsa.

Ka kira. Idan bai ɗauka ba, ka sake kira gobe.

Ka tura wannan ga duk wanda ka san ya bar tsoho shi kaɗai a gida da na'ura. Amma kafin ka tura, fara buga wa naka.