Ina Sauran 'Yan'uwan Inna Tumba?

Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara tambaya ko ina raye. Ina nan, kuma da ƙafafuna biyu.

Da ƙishirwa abin ya fara, da yawan fitsari. Sai wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafata ya ƙi warkewa, har ya soma wari. Aka kwashe ni daga Kalgo zuwa asibiti, aka ɗibi jini. Ciwon suga.

Likita ta ce, "Hajiya, in kika bar allura, ƙafar nan sai an yanke ta."

Na tsorata ƙwarai. Kullum da safe wankin ciwo, ina cizon gefen zane.

Ana cikin haka sai ga Bashar, ƙanin mijina, wanda bai taɓa riƙe sana'a ta kai damina biyu ba. Yanzu wai masanin abincin kakanni ne. Ya zo da garin gero da kuka a roba, har da tambari. Wai a mayar da ni gida, ai kakanninmu ba su san allura ba amma suna shekara ɗari. Mijina har ya fara gyaɗa kai!

Don kafa hujja, gogan ya je Gwandu ya ɗauko kakata, Inna Tumba, wadda aka haifa tun ana cefane da kuɗin wuri.

"Ku dube ta! Gero da nono kawai!"

Inna ta shinshina garin, ta ture robar.

"Gaskiya na, shi munka ci, ran da akwai. Mu tara innarmu tah haihwa. Sahabi, zazzaɓi. Dikko, agana. Ige, zawo, tana goye. Kulu, wurin haihuwa." Haka ta bi su har takwas. "Ƙwarya guda munka sha hura. Ni ɗai kaka gani don ni ɗai nir rage. Bar ma jikanyata alluratta."

Nan take Bashar ya tuna ana jiransa a tasha.

Ciwo ya rufe a hankali. Ina cin tuwon gero kaɗan, da miyar kuka da kifi da ganye, yadda likita ta tsara, kuma ina jin ƙarfin jikina. Allurata ba na fashi.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa ma'aikatan jinya, Ya ƙara wa Inna lafiya.

Ku je a gwada jininku. Ku ci abincin gida, amma kada ku ajiye magani. Duk wanda ya nuna muku tsohuwa yana tallar gari, ku tambaye shi ina 'yan'uwanta.