Mai Jinya a Kujerar Gaba

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gidanmu da ke Nassarawa GRA, ni da wata aminiyata tun ta makaranta, za mu Dutse gidan gwaggonta. Tunda Umma, mahaifiyata, ta sami shanyewar ɓarin jiki ban ƙara kwana a waje ba, ko biki ake sai dai in aika gudunmawa. Ƙanena ne da matarsa suka taso daga Tudun Murtala suka ce su za su karɓe ni na 'yan kwanaki, in je in sha iska. Matsalar ɗaya ce, Umma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Wani na kai cokali za ta datse baki ta juya fuska bango, ga shi maganinta ba a shansa da yunwa. Don haka na ce da ƙanena in azahar ta yi ba ta ci ba ya kira ni, ko ina na kai zan juyo.

Unguwarmu a wannan lokaci tsit take, sai masu gadi a kan benci da rediyonsu. Muna fita babban titi na fara ƙauyanci a garinmu. Ashe an yi gine-gine haka? Inda na sani fili ne yanzu gidan mai ne, mai shayin da nake gani a kwana ya zama kanti har da firji. Kuɗin mota kuwa da na ji, sai da na sa aka maimaita mini.

A tasha aka yi abin da ya sauya mini tafiyar. Aminiyata, wadda bakinta ba ya gajiya, ta ce da kamasho, "Malam, don Allah a ba ta gaba. Ta daɗe tana jinya, yau ce fitowarta ta farko."

Kamasho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah sarki! Sannu Hajiya, Allah ya ƙara afuwa."

Wani dattijo da ya riga ya zauna a gaba ya sauko da kansa, har da kakkaɓe mini kujera. Na buɗe baki zan yi gyara, aminiyata ta mintsine ni. Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: a bakinmu wanda ke kwance jinya yake yi, wanda ke zaune a gefensa ma jinya yake yi. Na leƙa madubin mota na ga ramar da na yi da yadda idanuna suka faɗa, na ce lallai ba laifin kamasho ba ne. Na gyara zama, don ina son in ga iyakar abin.

To, na sha gata. Direba in ya hango rami sai ya rage gudu ya ce saboda mai jiki. Muna wuce Mariri, inda ake sauke huhunan goro, fasinjoji suka buɗe mini asibiti a cikin mota. Wannan ya ce zogale, wancan ya ce zuma da habbatus-sauda, wani ya rantse ba abin da ya kai kan akuya da yaji. Ba wanda ya tambayi ciwon tukuna. A gadar Wudil masu soyayyen kifi suka yanyame mu, dattijon nan ya saya ya miƙo mini, wai in sami ƙarfi. Na ci, kunya na cina, amma kifin ya yi daɗi.

Wata tsohuwa da ke zaune bayana ce ta gano ni. Wajen Gaya ta taɓo kafaɗata ta ce a hankali, "'Yata, wa kika baro a kwance? Mara lafiya ba ya duba waya haka."

Na ce, "Mahaifiyata ce, Baba."

Ta ce, "Ni ma na yi jinyar maigidana. Ban yarda kowa ya karɓe ni ba. Ranar sadakar bakwai ɗinsa ina gadon asibiti. Ki bar su su yi miki sannun, taki ce."

Na kife wayar a kan cinyata. Shekarun nan duk wanda ya shigo gidanmu gaisuwarsa ɗaya ce, ya mai jiki, ni ce mai amsawa. Yau ga baƙi cike da mota suna yi mini sannu bisa kuskure, kuma daɗinta nake ji har cikin raina.

Daga Shuwarin muka karya zuwa Dutse. Garin ya ci sunansa, duwatsu ne manya a ɗore kan juna, wasu ka ce yanzu za su gangaro, ga bishiyoyin dabino a tsakaninsu. Ɗanyen dabino na cika baki da zaƙi, sai dai mai sayarwa na jin harshenmu na Kano ya ƙara farashi. Gwaggo ta tarbe mu da dambu da man shanu, amma hankalina na kan waya. Saƙon ƙanena na safe cewa ya yi Umma ta ƙi koko. Aka kira azahar, shiru. Na kasa haƙuri na buga.

Ya ce, "Yaya, ta ci. Don Allah ki ƙyale mu, hira muke."

Na ce ta yaya, ya kashe wayarsa. Gwaggo ta ɗumama dambun nan, na zauna na cinye shi da zafinsa, abin da na manta rabona da yi, na kwanta a tabarmar gwaggo ban farka ba sai la'asar sakaliya. Sauran kwanakin barci na yi, na hau dutse ina haki aminiyata na yi mini dariya, na zaga kasuwa ba mai jirana.

Ranar dawowa kujerar baya na zauna kamar kowa. Na shiga gida da rana na tarar da ƙanena zaune kan darduma a gaban Umma, kwano ɗaya, cokali biyu. Ya kai loma bakinsa, ya kai mata, yana ba ta labarin rigimar maƙwabtansa a kan magudanar ruwa, tana dariya da gefen bakinta mai motsi. Ashe ci tare take so, shi ke nan sirrin. Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya fara kama ni kafin farin ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mai kula da mara lafiya shi ma jiki gare shi, kuma 'yan'uwa ba za su iya ba sai an matsa musu gefe sun gwada. Mun yi magana da ƙanena, duk ƙarshen wata za su zo su karɓe ni.

Na durƙusa na gaishe da Umma ina jiran ta yi mini ƙorafin tafiyata. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ɗora hannunta mai lafiya a kumatuna. Harshenta da nauyi, amma na ji kowace kalma.

Ta ce, "Kin yi barci. Da kullum in na dube ki, abincin ba ya wuce mini."