Ranar da Fostata Ta Kashe Auren Kakanni

Komai zan manta a aikin koyarwa, ban da safiyar Litinin ɗin da tsofaffi bakwai suka cika ofishin hedimasta suna neman a dawo musu da mazajensu. Ku sababbin malamai ku buɗe kunne, don ni na jawo.

Lokacin ina malamar aji uku a wata firamare a Gwammaja. A zango na biyu aka tura ni bita ta kwana biyu kan yadda yaro zai kare kansa daga masu lalata da yara. Na dawo da zafina, kai ka ce ni na ƙirƙiro ilimin. Ƙa'idarmu, wanda ya je bita sai ya kawo abin da za a gani a bango, kuma ba a liƙa komai sai hedimasta ya sa hannu a bayan takardar. Na sayi farin kwali da alƙaluman maka kala uku, na kwashe kwana huɗu ina zane. Na zana yaro da yarinya cikin yunifom, a ƙasa na rubuta: "Jikinku naku ne. Duk babban da ya jawo ku jikinsa yana cewa 'matata' ko 'mijina', ku ce a'a, ku gudu, ku faɗa."

Malam Sabo, hedimastanmu, yana waya na miƙa masa. Ya sa hannu ko kallon gaban bai yi ba. Ranar Juma'a na liƙa ta, na tara yara muka yi ta gwaji. Suna kwarara "A'a!" har telan da ke jikin katangarmu ya leƙo ya ga ko lafiya. Na koma gida ina jin babu malama kamata a duk birnin nan.

Abin da na manta, ni da na tashi kakana yana ce mini amaryarsa, shi ne kowane yaro a cikin gari da aurensa tun yana zanin goyo. Jika namiji mijin kakarsa ne, jika mace matar kakanta. Wasa ne da muka gada, kuma ga shi na rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin abin gudu.

Da aka kira ni ofis, wata Hajiya Yalwa ce a gaba, kakar wani ɗan ajina, Abba.

"Malam, wace ce ta raba ni da maigidana?" in ji ta. "Shekara takwas muna zaune, ko cefanen gishiri bai taɓa yi ba, ban kai ƙara ba. Jiya na ce, mijina zo ka ci tuwo. Ya zabga min a'a, ya zura da gudu, ya kai ni ƙara wajen uwarsa!"

Wata ta ce ai na Hajiya Yalwa da sauƙi, ita tsohon mijinta ne jikarsa ta yi wa ihu har maƙwabta suka fito, ga shi can ya ƙi cin abinci. Na cusa bakin mayafi a baki, dariya na cina. Malam Sabo kuwa bai ga abin dariya ba, don hannunsa ne a bayan takardar.

"Malama, ciro fostar nan yanzu."

Nan dariyar ta tsaya mini. Na san in ta sauka, ba mai sake barina in yi wa yara wannan maganar. Na ɓamɓaro ta na kawo, raina a ɓace. Hajiya Yalwa ta ce ita ba ta yi boko ba, in karanta mata laifin nata. Na karanta, na ƙara da cewa ba da su nake ba, mai cutar yaro sau da yawa sananne ne, da wasa yake farawa.

Hajiya Yalwa ta ƙura wa yarinyar da na zana ido.

"Ina 'yar shekara tara," ta ce, "akwai wani maƙwabcinmu, shi ma matata yake ce min, kowa na dariya. Amma shi a soro yake tsare ni, ya ce kada in faɗa. Ban faɗa ba sai yau."

Ta goge ido da gefen hijabi, ta dubi hedimasta.

"Malam, ba cirewa za a yi ba, gyara za a yi. Mu namu wasan a tsakar gida muke yi, gaban uwar yaro. 'Yata, ɗauki abin rubutunki."

Na soke nawa layin, na rubuta nata yadda ta faɗa: "Wasan kaka a gaban kowa ake yi. Duk wasan da aka ce ku ɓoye, ba wasa ba ne, ku faɗa." Wannan karon Malam Sabo sai da ya karanta sau biyu kafin ya sa hannu.

Kafin su tafi ta nace sai an mayar mata da aurenta. Aka kira Abba, hedimasta ya zama waliyyi, sadaki alewa biyu, tsofaffi suka rangaɗa guɗa har yara suka fito daga azuzuwa.

Tun ranar, duk abin da zan liƙa wa yara sai na fara karanta wa wata tsohuwa. Bita ta ba ni kwana biyu, ita kuwa Hajiya Yalwa tun tana 'yar shekara tara take riƙe da layin nan, ba ta sami wanda zai rubuta mata ba sai ranar.