Tankin da Muka Sa a Jirgin Baba

Shekarar kullen korona ina haya a unguwar Kampung Baru, a ɗakin baya na gidan wani dattijo Bamale da nake kira Baba. Shagon yadin da nake aiki a unguwar Masjid India an garƙame shi, masallatai ma haka. Sai zaman gida, ni da shi da kajinsa.

A tsakar gidan, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, akwai ƙaramin jirgin ruwa a kan tirela, irin wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura shi. Da shi Baba yake fita teku daga tashar jiragen ruwa ta Klang tun yana da ƙarfinsa. Burinsa ɗaya ne: ranar da aka buɗe hanya ya sake fita, ko sau ɗaya, da famfon ruwan daɗi a cikin jirgin. Na tsokane shi na ce ai ruwan teku ma yana alwala.

"Na gaji da kuskure baki da gishiri," in ji shi. "Za ka iya haɗawa? Boleh?"

Ni da na tashi a gidan mai gyaran famfo a Kano? Na ce boleh mana, wato "zan iya" a yarensu, har da buga ƙirji.

Da tankin roba ya iso, ban yi wata-wata ba na ɗora shi a kan rufin ɗakin jirgin na ɗaure tamau. A wurinmu tanki a sama yake zama, ruwa ya gangaro da kansa. Baba ya fito ya gani, ya yi dariya har takunkumin fuskarsa ya zame. Ya ce in na bar shi a nan, igiyar ruwa ta farko za ta kifar da mu, domin a jirgi duk abu mai nauyi ƙasa yake zama, a tsakiya. Wallahi na ji haushi, yini guda ban kula shi ba. Da la'asar ya turo min shayi mai madara, na huce.

Muka sauke tankin ƙarƙashin benci. Na ja tiyo, na sa abin tace ruwa, na ɗaure kowane baki da ƙarfe. Tunda ruwa ba zai hau da kansa ba, muka sa famfon da ake takawa da ƙafa. Sau uku yana yoyo ina kwancewa ina mita, shi kuwa yana zaune yana miƙo min sifana. Ranar da ruwa ya fito, Baba ya taka da ƙafar hagu ya wanke ta dama, ya sauya ƙafa. Daga nan kullum sai ya hau tsani ya yi alwala a jirgi, mu yi jam'i mu biyu a kan tabarma. Ina kewar waɗannan kwanaki, ba na ɓoyewa.

Sai cutar ta kama shi. Ya tashi, amma numfashinsa bai dawo daidai ba. Lokacin da aka buɗe hanya likita ya hana shi teku, 'ya'yansa suka nemo wanda zai ɗauki jirgin.

Ranar da mutumin ya zo da motar ja, ya ce a zubar da ruwan tankin don a rage nauyi. Na sunkuya zan kwance tiyo, sai Baba ya riƙe min hannu. Ya hau tsanin nan a hankali, yana hutawa a kowane mataki, ya yi alwalarsa tsaf. Sannan ya tambaye ni ko tankin a cike yake. Na ce saura kaɗan.

"Cika shi, ɗana," ya ce. "Ruwan gidan nan ne. Bari shi ya je tekun."

Na jawo tiyon tsakar gida na cika shi har baki. Sannan na murɗa murfin.