Maƙwabtan Filin Ciyawa

Ni ɗan lambu ne tun tasowata. A garinmu na bakin kogi albasa da tumatir da tattasai na iya, abin da za a ci a ƙoshi. Sai da na zo Makka, gemu ya fara furfura, aka ɗora ni a kan rainon ciyawar da ko akuya ba a yarda ta sa wa baki ba. Har yau in na tuna abin yakan ba ni haushi.

Ɗakina yana Hindawiyya, a saman shagon masu facin taya, amma wurin aikin yana bayan gari ta kudu, a hanyar da ta nufi Lis, in an wuce alamun iyakar Harami. Gona ce ta kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa. Akwai dabino, akwai ɗan gidan hutawa, sai wata doguwar shimfiɗar ciyawa kore shar a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, inda yake saukar da ƙaramin jirginsa mai kujera biyu. Aikina in ba ta ruwa safe da yamma daga rijiyar burtsatse, in aske ta, in cike ramukan ɓeraye, in kuma jirgi zai sauka in tsaya a gefe da oba-oba a hannu in ce masa fili babu kowa.

Maigidan dattijo ne, tsohon injiniya, mai magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin mutumin da ke tsoron ɓacin ran maƙwabci irinsa ba, na rantse ya fi tsoronsa a kan faɗowar jirgin. Ba ya tashi sai rana ta fito sosai. Ba ya tashi in an kusa kiran salla, ba ya tashi ranar Juma'a da safe, ba ya bi ta kan garken raƙuman da ke gabas don kada taguwa ta firgita ta hana nono. In dabino ya nuna ni nake zagayawa da shi gida-gida. Nakan ce a raina, wannan jirgi ya fi sabuwar amarya kunya.

Duk da haka bai tsira ba. Wani ya sayi fili a arewacinmu ya gina gida da katanga mai tsayin gaske, daidai inda jirgi yake sunkuyowa in zai sauka. Katanga kuwa komai tsayinta ba ta da rufi. Ranar da mutumin ya zo ko gahawa bai taɓa ba. Ya ce iyalinsa suna zama a tsakar gida ba lulluɓi, ba zai lamunci wani ya riƙa leƙa su daga sama ba, in an sake zai kai ƙara a rufe filin. Maigidana ya rantse masa idonsa a kan ciyawa yake, amma ya san mutumin yana da gaskiyarsa. Sai ya yanke shawara zai koma shigowa ta kudu. Matsalar ita ce a ƙarshen filin ta kudu, bayan shingen waya, akwai tarin duwatsu da ya kai ƙugun mutum, kuma sai an kwashe shi an ja shingen baya kafin jirgi ya iya shigowa ta nan. Ƙasar wajen tasa ce, don haka ba wanda za a roƙa.

A gindin wannan tarin duwatsun ne tsohuwar take zama. Na daɗe ina ganinta kafin in yi mata magana. Ranar Alhamis bayan la'asar, ba kowace Alhamis ba, sai in ɗaga kai in ga baƙin abu a zaune a can, ba ya motsi. Ban taɓa ganin isowarta ba. Daga baya na gane ɗan tasi ne yake sauke ta a bakin titi ta tako da sandarta ta bayan tudu, amma kafin in gane haka na sha karanta Ayatul Kursiyyu da tiyo a hannu. Wurin ba gida, ba inuwa, ba abin da zai kawo mace mai shekarunta.

Ranar da na yi ƙarfin hali na je na yi mata sallama da gurgun Larabcina, sai ta dube ni ta cikin waya ta ce, "Ya waladi, bar wahalar da harshenka. Daga wane gari?"

Hausa ce tsaf, ta tsofaffi, irin wadda rabona da ji tun kakata. Ta ce a unguwar Misfala take, wajen jikokinta, waɗanda in ta yi musu Hausa sai su amsa da Larabci. Na ce, "Inna, me ya kawo ki wannan dajin?"

"Gaida maƙwabta na zo."

Na duba gabas na duba yamma. Gidan mai katanga yana can arewa da nisa, masu raƙuma kuma ba ta nan ake zuwa musu ba. Na ɗauka ko tana da 'yar'uwa mai aikatau a gidan mai katangar, ɗan tasi yana ɓatar da ita, ko kuma tsufa ne ya fara taɓa kai. Na kawo mata ruwan sanyi. Ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba, ta zuba wa famfunan feshi ido suna juyawa a kan ciyawa har rana ta yi ja.

Kafin a taɓa duwatsun, maigidan ya ce bari ya gwada hanyar kudu ya gani, ba zai sauka ba, zai dai sunkuyo ya wuce. Wata Talata ce da yamma, iska a kwance, buhu mai ruwan lemo da ke kan sanda mai nuna inda iska ta dosa ya saki jiki. Na duba fili tun daga wannan kai har wancan, na ce masa babu kowa. Jirgi ya taho ƙasa-ƙasa ta kan tudu, har ina ganin farar tagiyarsa, sai na ji injin ya ɗau ƙara ya cilla sama tun bai iso shinge ba. Oba-oba ta yi ƙara. Da Larabci ya ce, "Ya hajji, su wane ne waɗannan? Ka fitar da su."

Na ce su wa.

Ya ce mutane ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, sun shigo kan ciyawa, da kaya a kansu.

Na tsaya ina kallon filin da na aske da hannuna jiya. Ko tsuntsu babu. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne kayan da ya ce a ka. Mutanen nan ba sa ɗaukar kaya a ka su jera a hanya. Mu ne muke yin haka.

Ya zagayo ya sauka ta arewa, ta kan gidan mai katanga, abin da ya yi alkawarin dainawa da zarar an buɗe kudu. Ya fito yana dariyar yaƙe. Ya ce kawalwalniya ce, ko inuwar sandunan shinge da rana ta miƙar. Sannan ya ce wani abu da bai taɓa faɗa mini ba: in rana ta yi ƙasa, daga sama ana ganin wani siririn layi a ƙasa, ya taho daga wajen teku ya nufi Makka, ya bi ta tsakiyar filinmu. Daga ƙasa ba a ganinsa. Ya ce tsohuwar hanyar awaki ce ko ta ruwa. Na ce masa haka ne, don ba ni da abin da ya fi wannan.

Katafilar da za ta kwashe duwatsu ta iso ranar Alhamis, aka ajiye ta sai Asabar. Tsohuwar tana wurinta. Na ga bai kamata ta zo wata rana ta tarar da wurin zamanta ya ɓace ba, sai na gaya mata abin da za a yi da dalilinsa, har da labarin mai katanga. Ta saurara, ta gyaɗa kai.

"Shi maigidan naka mai kiyaye haƙƙin maƙwabta ne, masha Allah. To su waɗannan maƙwabtan an gaya musu?"

"Inna, waɗanne?"

Nan ta ba ni labarin, muryarta ba hawa ba sauka. Tana ƙarama, ba ta fi a goya ta ba in ta gaji, iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa tare da ayari. Suka yi shekaru a hanya, suna noma a Sudan suna ƙara gaba. Wani mai kwale-kwale ya tsallaka da su teku ya zube su a gaɓa ta wajen Lis ya juya. Daga nan suka kamo hanya. A nan wurin, saura tafiyar yini guda su ga Ɗaki, mahaifiyarta ta zauna ba ta ƙara tashi ba, ita da wasu daga cikin ayarin. Da aka rufe su, mahaifinta ya ce kada kowa ya ce ba su iso ba, sun zama maƙwabtan Ɗakin Allah. Tun daga ranar a gidansu ba a cewa za a je kabari. Sai dai a ce za a je gaida maƙwabta.

Na dubi tarin duwatsun na dubi katafila. Ni ne zan tsaya ranar Asabar ina nuna wa direba inda zai sa haƙori. Na bar ta a nan na tafi gidan hutawa da sauri, na tarar da maigidan yana shan shayi, na zazzage masa komai, Larabcin yana karyewa ina ɗaurawa. Gaba kura baya sayaki: in ya bar duwatsu mai katanga zai sa a rufe fili, in ya kwashe ya tone uwar mutane.

Bai yi gardama ba, wannan kam na shaide shi. Ya sa takalmi muka tafi. Ya gaishe ta da ladabi, ya kira ta hala, wato inna, ita kuma ta amsa masa da Larabcin da ya fi nasa zama na Makka. Ya ce katafila za ta koma, zai kewaye wurin da katanga, ta nuna masa iyakar kaburburan kawai. Na ɗaga mata waya ta sunkuya ta shigo.

Na zaci za ta zagaya duwatsun. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta hau ciyawa ta miƙe arewa, tana dogara sanda, tana ɗaga kai tana duban wani tsagi a dutsen da ke yamma. Muka bi ta a baya. Ciyawar da danshi, sawunta yana fitowa. Ta yi ta tafiya har tsakiyar fili, inda tayoyin jirgi suka yi sawu biyu saboda nan suke fara taɓa ƙasa kullum. Nan ta tsaya ta kafa sandarta.

"Hina," ta ce. Ta juyo gare ni da Hausa. "Nan suke. Uwata tana wajen ƙafarka ta dama."

Na ja ƙafar baya, ban san lokacin da na yi ba.

Ta ce waɗancan duwatsun su ne dai alamun, amma wanda ya mallaki gonar kafin maigidana, da ya zo baje ƙasa, shi ya sa aka ture su gefe guda. Lokacin tana jinya, da ta warke ta zo ta tarar da fili fetal. Tana zama a gindinsu ne don nan shinge ya tsayar da ita. Ta ce duwatsu kam a kwashe, ba kowa a ƙarƙashinsu.

Maigidan ya daɗe yana kallon sawun tayoyinsa. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya tambaye ta me ya sa duk shekarun nan ba ta yi magana ba. Sannan, bai jira amsa ba, ya ce halas, ya daina. Zai sayar da jirgin, a rufe famfuna, a bar wurin ya koma yadda Allah ya yi shi.

Sai a nan na ga hankalinta ya tashi. Ta kama hannun rigarsa, abin da macen Makka ba ta yi wa baƙon namiji. Ta ce a'a. Ta ce abin da take tsoro ke nan tun farko, shi ya sa ta kama bakinta. Ya sauka safe da yamma in ya ga dama, ya bi ta kudu ya bar wa mai katanga tsakar gidansa, su waɗannan ƙarar inji ba ta dame su.

Ta sake shi ta juyo gare ni. Ina jin ta gane a cikin mu biyu wane ne mai buɗe famfo.

"Ɗana, ba ciwo ne ya kashe su ba. Salkar ruwanmu ce ta ƙare. Da kunnena na ji uwata tana roƙon a jiƙa mata leɓe, aka rasa ko ɗigo. Ranar da na zo na ga ruwa yana sauka a kanta, zama na yi na yi ta kuka a bayan waya. In jirgin nan ya tafi, wa zai ja ruwa zuwa wannan dajin don Takaru 'yan ƙasar Hausa da suka mutu a hanya?"

Lokacin ban ruwan yamma ya riga ya wuce, kuma ban buɗe ba saboda muna tsaye a kan fili. Ta dubi famfon da ke kusa da ita ta dube ni.

Na tafi na buɗe. Ba ta matsa ba, ruwan ya zagayo ya jiƙa mata abaya tana tsaye.