Hannun da Ke Riƙe Kyamara

Shekara goma sha tara Anti Kyamara tana tsayuwa a gefen likita a ɗakin tiyata, kuma ba ta taɓa yanka kowa ba. Aikinta ɗaya ne. In an yi wa mara lafiya ƙananan huji huɗu a ciki, ita ke riƙe sandar kyamarar da ake zurawa. Abin da hannunta ya nuna, shi likita ke gani a talabijin.

A gida kuwa ko kofin shayi ba ta yarda ta ɗauka a gaban 'yarta. Tun bara hannun dama ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, sai ta riƙa cusa shi a aljihu. Ta gaji, wallahi ta gaji, amma wa za ta gaya wa? Ba ta iya komai ba sai wannan tsayuwar.

Ran Talata aka kawo wani direba mai ƙari a hanta, manne da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Tsakaninsu bai kai kaurin farce ba. Likita ya ce in jijiyar ta fashe, sai dai a farke cikin gaba ɗaya, in ma an samu zarafi.

Awa biyar tana tsaye, ta matse gwiwar hannu a haƙarƙari, dabarar da ta koya wa kanta. Ƙafafu duk sun yi tsami. Likita na isowa bakin jijiyar, sai hoton ya fara karkarwa.

"Wa ke taɓa gadon?" in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Kowa ya juya ga sabuwar nas mai miƙa kayan aiki, baiwar Allah har ta ja da baya. Da Anti ta yi gum, shi ke nan, laifi ya samu mai ɗauka. Ta dubi jijiyar nan a gefen bakin almakashi, tsoro ya kama ta.

"Ni ce, Likita. Hannuna ne. A karɓe ni."

Ya tsaya cak. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya mayar da idonsa kan talabijin. Wani ƙaramin likita ya karɓi sandar, aka ci gaba.

Bayan kwana huɗu direba ya tafi gida da ƙafarsa, filasta huɗu a ciki, bai ma san da ita ba. Ita kuma aka mayar da ita ɗakin wanke kayan aiki, can ƙarshen baranda. Kullum da la'asar sandar kan iso mata a tire, da jini a jiki. Sai ta wanke ta tas, ta goge gilashin, ta miƙa a mayar musu.