Allurar Wuyan Riga

Tela ne tun gashinsa na baƙi, kuma mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Tef a rataye, allura soke a wuyan riga, haka yake zuwa ko'ina. 'Ya'yansa duk sun guje wa keken ɗinki, amma gudun Auta ne ya fi yi masa ciwo, don ita ce mai hannu. Ta ce masa aikinta awo ne a ɗakin gwaje-gwaje, awon abin da ido ba ya gani. Bai ƙara tambaya ba, ya sa a ransa boko ya cinye masa 'ya.

Da idonsa ya gaza ya rufe shago, sai ya rasa wanda zai gadar wa tef ɗin. Auta ta nace sai ya ga wurin aikinta. Ya je, yana mita tun daga gida.

A bakin ƙofa ta ce, "Baba, duk wani ƙarfe a bar shi nan, akwai maganaɗisu a ciki."

Ya ajiye makullai da almakashi, har tef saboda ƙarfen bakinsa. Allura kuwa ya manta da ita shaf, wa zai tuna da abin da ya zame masa fata?

Ɗakin sanyi ƙalau, inji na ta gurnani. Ta nuna masa wani siririn bututun gilashi daskararre tsakanin manyan ƙarafa biyu.

"Zaren halitta ne a ciki, DNA. Na maƙala masa alamomi biyu, kowace ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. In suna kusa sukan ji juna da ƙarfi, in da nisa jin ya yi rauni. Da haka nake sanin tazararsu."

"Tazarar kamar yaya?"

"Ko ka tsaga gashi ɗaya gida dubu goma, bai kai ta ƙanƙanta ba."

Tsohon ya yi tsaki, ya sunkuya wai sai ya gani. Nan ya ji allurar ta motsa. Ba hannu, ba iska, amma ga ta tana jan wuyan rigarsa kamar mai rai. Auta ta janye shi da sauri, ta zare allurar ta fitar.

Ya daɗe dafe da wuyansa. "Haka alamomin naki ke jin juna?"

"Haka, Baba."

"Ki soka alama nan, ki soka can, ki auna tsakani," ya faɗa a hankali. Aikin da ya tsufa a kai ke nan, kuma ashe 'yarsa ba ta taɓa barinsa ba. Kunya da daɗi suka cika shi.

Da suka fito ya lalubo almakashi, ya yanke ƙarfen bakin tef ɗin, ya rataya mata a wuya.

"Yanzu kya iya shiga da shi."